Shirun da na bari a faifan Baba Mai Kwat

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Mai Kwat ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a layin mai ful, dafaffen waken nan, a Abbasiya nan Alƙahira, roba a hannu. Hajja Batulu ce ta kira, maƙwabciyarsa a unguwar Arba wa Nus, Bahaushiyar Sudan ɗin nan da take kai masa shayi kowace safiya. Ta ce ta ƙwanƙwasa har sau uku ba a amsa ba, sai maigidanta ya zo ya ɓalle sakata. Sun same shi kwance a gefensa na dama. Kwat ɗinsa yana rataye a ƙusa, a goge.

Ta yi mini ta'aziyya irin ta mutanen nan, ta ce, "Ustaz, al-baraka fikum. Mun duba wayarsa, lambarka ce kaɗai ta ɗan Najeriya a ciki."

Na sauke wayar daga kunne. Mai ful yana ta tambayata da mai ko babu mai, ni kuwa na tsaya ina kallonsa kamar ban taɓa ganin wake ba.

Na san yawancinku ba ku san shi ba. Waɗanda suka san shi cikin ɗalibai ma daga nesa ne: dogon tsohon nan mai kwat da malafar Turawa da akan gani a tashar metro, a nuna shi da baki a ce ai mawaƙin otal ne, Allah ya shirya. Ni ma na sha cewa amin tare da ku, alhali ranar da yamma a ɗakinsa zan sha shayi.

Shekara takwas ina zuwa wurinsa a ɓoye. Babu ko mutum ɗaya a cikinku da na taɓa faɗa wa.

To, yau ɓuya ya ƙare. Ko dai in fito in ce mutumin nan nawa ne a gaban kowa, ko a sallace shi da mutum biyar, babu ɗan ƙasarsa sai ni. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Masu shirin buɗe mini babin hukuncin kiɗa a kwamen kuma, don Allah ku ajiye littattafan yau. Tare muka karanta su, na san shafin.

Sunansa Salihu. Masarawa suna ce masa Ammu Saleh, wato Baffa Salihu. A Jos aka haife shi, mahaifinsa kuku ne a gidan wani Baturen kuza, kuma a bayan tagar falon Baturen nan ya fara jin waƙoƙin jaz a garmaho. Ya haddace su tun bai san abin da suke cewa ba. Daga nan ya bi 'yan kiɗa zuwa Kaduna, zuwa Khartoum, har ya faɗo Alƙahira da niyyar yin wata shida. Ya yi shekara arba'in da ɗoriya.

Ya yi waƙa a otal-otal, ya yi a jiragen ruwan da ke yawo da baƙi a kan Nilu, har zamani ya juya aka koma kiɗan kwamfuta, aka daina kiransa. Ya taɓa aure, matar ta rasu, ba su haihu ba. In ka tambaye shi me ya hana shi komawa gida, sai ya ce waɗanda za su gane shi a Jos duk suna maƙabarta.

A layin sabunta iƙama muka haɗu, wato takardar izinin zama, a sanyina na farko a garin nan. Wanda ya sha layin nan ya san ba wurin yin aboki ba ne. Ina ta tari, muryata ta dushe, ina ƙunƙuni da Hausa ina tsine wa sanyin Masar. Sai na ji an ce daga bayana, da Hausa tas:

"Malam, sanyin bai yi maka komai ba. Kai ne ka fito da wuya a buɗe kamar zakara."

Na juya na ga kwat da taye, na ɗauka wani babba ne daga ofishin jakadanci, har na gyara tsayuwa. Ya warware ƙyallen ulun da ke wuyansa ya naɗa mini da hannunsa. Ya ce in riƙa shan shayin yansun da zuma, in rabu da ruwan sanyi, in kuma daina gyaran murya da ƙarfi don yana kankare maƙogwaro. Na tambaye shi ko likita ne. Ya ce a'a, da maƙogwaro yake cin abinci kawai.

Mayar da ƙyallen nan ne ya kai ni ɗakinsa. Metro, mikrobas, sannan ƙafa cikin lunguna, hawa na huɗu. Ɗaki ɗaya ne, da gado da ƙaramin murhun gas da kwalin manyan baƙaƙen fayafayai. Da na gane sana'arsa sai na ji kamar in ajiye ƙyallen a bakin ƙofa in ari na kare. Amma ya riga ya ɗora shayi, ya kuma tambaye ni abin da nake karantawa. Na ce ƙira'a. Ya ce in ɗan karanta masa.

Na karanta. A tsakiyar wata doguwar aya numfashina ya yanke, na koma baya na sake ɗaukowa. Ya jira har na gama, sannan ya ce karatun ya fi ƙarfinsa, ba zai sa baki ba. Amma numfashi fagensa ne, kuma ni ina yin sa kamar wanda kare ya biyo. Wai daga ƙirji nake ja, kafaɗuna suna tashi sama. Ya sa na kwanta rigingine a tabarma, ya ɗora mini wani ƙaton ƙamus a ciki ya ce in ɗaga shi da numfashi. Ya kunna kyandir ya ce in busa a hankali, yadda harshen wutar zai kwanta amma ba zai mutu ba.

Ni mai shirin zama ustazu, kwance a ƙasa da ƙamus a tumbi. Da wani ya ɗauki hoto ranar, da na shiga uku.

Wata shida muna wannan, duk ranar Talata bayan azahar. Da darasin ya ƙare ma, Talatar ba ta ƙare ba.

Ku da kuke bin tarawihi a bayana a musallar ɗalibai, kuna naɗar karatuna a waya kuna turawa gida, kuna rubuta ma sha Allah dogon numfashi, yau ku sani. Tajwidi malamaina ne suka ba ni, Allah ya saka musu da alheri. Numfashin kuwa na Baba Mai Kwat ne. An sha tambayata sirrin, nakan ce baiwa ce daga Allah. Ban yi ƙarya ba, amma ta hannun wani bawa baiwar ta biyo, kuma na ɓoye sunansa.

Shi ya laƙaba mini Ustazu, da wata irin murya mai ja, kamar yana gabatar da ni a kan dandamali.

In na zo yana sauraren faifai, yakan kashe kafin in gama cire takalmi, ba tare da na roƙa ba. In lokacin salla ya yi, shi yake shimfiɗa darduma ya tura ni gaba.

Lokacin da mahaifiyata ta rasu ban samu zuwa gida ba, shi ya yi mini tuwo. Miyar kuma molokiyar Masarawa ce, wadda ya rantse lalo ce ta yi hijira ta canja suna. Tuwon duk gudaji. Na cinye ina hawaye, shi kuma yana zaune gefe. Ranar ya rako ni har Abbasiya. Da muka kusa layinmu sai ya tsaya da kansa a bakin wani kantin littattafai, ya ce nan ya isa. Ya san dalili, ni ma na sani, kuma ban ce masa ya ƙaraso ba.

Wata Babbar Salla ya zo inda ɗalibanmu suke taruwa su ci nama. Wasunku za su tuna. Ya yi sallama aka amsa a ciki-ciki, ba wanda ya matsa masa wuri. Ni ke rabon naman. Na miƙa masa na ce sannu Baba, kamar ranar na fara ganinsa. Shi ma ya karɓa ya ce na gode Malam, ya ci a tsaye ya tafi. Talatar da ta biyo baya ina ta jiran ya tayar da maganar. Abin da ya ce kawai shi ne naman ya yi daɗi, sai dai yajin ya yi kaɗan.

Sau ɗaya tak na taɓa jin ya yi ƙorafi. Ya ce a rayuwarsa an tafa masa har ya gaji. Masarawa sun kira shi fannan, wato gwani, Turawa sun miƙe masa tsaye, wata tsohuwa ta taɓa kuka a gabansa har aka fita da ita. Amma tunda ya fara riƙe makirfo babu Bahaushen da ya taɓa ce masa sannu da aiki.

"Ustazu, a gida ko mai faskare ka wuce sai ka ce masa sannu da aiki. Ɗan ga-ruwa, mai gyaran takalmi, mai kwashe kwata, kowa ana ce masa. Ni na yi shekara hamsin ina gumi a tsaye, ba wanda ya ga aiki nake yi."

Na yi dariya na ce Allah ya kyauta, na jawo wata hira. A zuciyata kuwa lissafi irin na ɗalibai nake yi. In na ce sannu da aiki, ai na yarda aiki ne ke nan. In na yarda aiki ne, me zan ce gobe a kan mumbari? Kalma uku, waɗanda nake ce wa mai sharar layinmu kullum ba tare da tunani ba, na tsaya ina auna su kamar zan ba da fatawa.

Bara muryarsa ta fara yi masa gardama. Likita ya ce ƙirji ne, kuma ba abin da zai koma daidai ba ne. Sai Madam Samira ta ce lallai a naɗi muryar nan kafin ta tafi. Madam Samira tsohuwar Bamasariya ce mai kaɗa fiyano, tana zaune a Zamalek, unguwar masu hali, sun fi shekara talatin suna aiki tare. Ta ce ba situdiyo za a je ba. A falonta za a yi, da rana, a gaban mutane, babu lasifika babu na'urar gyaran murya. Makirfo ɗaya, fiyano, da ƙaton gogen nan na Turawa da ake tsayarwa a ƙasa ana taɓa tsarkiyarsa da yatsa. Sau ɗaya za a ɗauka, abin da ya shiga ya shiga.

Baba ya yi murna kamar ango. Sau biyu ya kai kwat ɗinsa wurin guga. Ya sayi farar takarda mai kauri ya yanka gida goma, ya rubuta gayyata da hannunsa, da Hausa, da irin kwantaccen rubutun nan na 'yan makarantar da. Ya ba ni ya ce in raba wa 'yan gida, ɗalibai ko ma'aikatan ofishin jakadanci, duk wanda na ga zai zo. Ya ce ba sai sun ji Turanci ba, su dai zauna ya ga fuskokinsu.

Na karɓa da hannu biyu na ce in sha Allahu.

Na sa katunan a cikin wani littafin fiƙihu na rufe. Ko ɗaya ban bayar ba. Tambaya ɗaya nake tsoro: Ustazu, a ina ka san shi? Akwai wani masallaci a garinmu da ke jiran in gama in dawo in riƙe musu limanci, kuma kun san mutanenmu, magana ba ta buƙatar biza kafin ta isa gida. Da ya tambaye ni sai na ce ana jarabawa, amma wataƙila wasu su zo. Ya ce tamam, Allah ya ba su sa'a.

Ni dai na je. Na sa ƙananan kaya, abin da ban saba ba, na cire hula na tura aljihu tun tasi tana kan gadar shiga Zamalek. Na zauna a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa.

Kujeru kamar talatin ne a falon. A layin gaba an jera goma babu kowa a kai, an ajiye takarda a kan ta farko da Larabci: na mutanen Ammu Saleh. Madam Samira ta hana kowa zama a wurin. Sauran jama'ar tsofaffin Masarawa ne da wasu Turawa ƙalilan. Aka rufe tagogi saboda hon ɗin motoci, aka kashe na'urar sanyaya ɗaki, har firji aka zare daga wuta don makirfon yana jin gurnaninsa. Madam ta ce duk mai tari ya yi yanzu. Kowa ya yi tari, aka yi dariya.

Baba ya shigo ya tsaya. Idonsa ya fara sauka a kan kujerun nan goma. Bai daɗe a kai ba. Ya ɗaga ido ya hango ni can baya, ya ɗan sunkuyar da kai, ya yi wa Madam alama.

Jama'a, duk shekarun nan ban taɓa jin ya yi waƙa ba. Ban taɓa bari ba.

Ba ya ɗaga murya. Kamar mai hira da mutum ɗaya yake yi, a hankali, kalma tana bin kalma. Tsofaffin waƙoƙi ne da duk mai sana'ar ya sani, kowa da yadda yake ɗaukarsu. Turancina ba mai nisa ba ne, amma na tsinci abin da na tsinta: wani yana jira a tasha, wasiƙar da ba ta zo ba, garin da aka bari ana cewa za a dawo. Muryar ta tsufa, tana da kaushi-kaushi, a wasu wuraren tana karkarwa, kuma bai yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Amma numfashin yana nan. Ina kallon maɓallin kwat ɗinsa na ƙasa yana turowa yana komawa, kafaɗunsa ko motsi. Haka nake yi a gaban sahu, babu bambanci.

Yakan yi shiru a tsakiyar waƙa ya ja baya, ya bar mai goge ya yi nasa, ko Madam ta yi nata. Ya taɓa gaya mini cewa haka jaz yake, ba ka cinye filin kai kaɗai, kana barin wuri don ɗan'uwanka ya shigo.

Waƙa goma sha ɗaya ya yi, gumi yana bin wuyansa. Da ya sauke ta ƙarshe aka yi dogon tafi. Ya gode da Larabci, ya gode da Turanci. Tafin ya lafa, makirfo yana nan a kunne. Sai ya cire malafa ya riƙe a ƙirji, ya dubi ƙarshen falo, ya ce da Hausa:

"To, na sauke. Ko akwai ɗan gida da zai ce mini sannu da aiki?"

Babu wanda ya gane abin da ya ce sai ni. Masarawan sun ɗauka wata addu'a ce ta ƙasarsa, suka yi tsit don girmamawa.

Wallahi na yi niyya. Na gyara zama, kujerar ta yi ƙara, na ja numfashi. Sai idona ya faɗa kan makirfon nan. Muryata ba ta ɓuya, kun sani, tana cikin wayoyin mutane daga nan har garinmu. Faifan nan zai fita, wani zai ji, ya tura wa wani. Na riƙe numfashin a cikina, na sake shi a hankali babu ko harafi.

Ya jira. Ban san tsawon lokacin ba, ni dai na ji kamar an wuni. Sannan ya mayar da malafarsa ya ce khalas, shukran, wato shi ke nan, na gode. Aka sake tafi. Kafin a kawo shayi na sulale.

Wata huɗu ban taka ɗakinsa ba. Ba fushi ya yi ba, ni kunya ta hana. Duk Juma'a yakan turo mini barka da Juma'a, in mayar kamar babu komai. Ina nan ina jan salla ana yaba numfashi, in koma ɗaki in kasa kallon littafin nan da ke kan kanta.

Talatar da ta wuce Hajja Batulu ta aiko cewa jikinsa ya matsa. Na je bayan azahar. Na same shi kwance, ya rame, an tokare shi da matashi. A hakan ma sai da ya ja mini Ustazu ɗin nan, ya ce in zauna in daina tsayuwa a kansa kamar ɗan sanda.

Tun a mikrobas na shirya abin da zan faɗa. Na durƙusa gefen gado na ce, "Baba, sannu da aiki."

Ya dube ni ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ustazu, kai da ka san komai da lokacinsa. Mai aiki ake ce wa sannu da aiki. Ni yanzu kwance nake. Sannu da jiki za ka ce."

Na ce sannu da jiki. Ya ce yauwa, da sauƙi.

Ba da zafi ya faɗa ba, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan. Gaskiya ya faɗa. Gaisuwarmu kowace da muhallinta, ba a yin barka da asuba da la'asar.

Ya ce in miƙo masa wayarsa. Madam Samira ta turo masa faifan, an gama haɗawa. Bai sa mini ko waƙa ɗaya ba, har a ranar yana kiyaye ni. Ƙarshen kawai ya kai. Na ji tafi, na ji godiya, na ji tambayar nan, sannan shiru. Ya ce Madam ta so a yanke wurin don a ganinta ɓata faifai ne, shi ya hana. Ya ce wurin wani ne, kuma ba a yanke wa mutum wurinsa.

Ya mayar baya, ya ƙara sauti, ya kanga wayar a kunnena. A cikin shirun akwai ƙarar kujera. Bayanta akwai jan numfashi, dogo, a hankali.

"Ka ji? Kai ne. Daga ciki ka jawo shi, kafaɗa ba ta tashi ba. Duk sanda na ji wurin nan sai in ce, to, ko ba komai Ustazu ya iya."

Na kifa kaina a katifarsa. Na so in gaya masa maganar katunan, bakina ya kasa. Shi ne ma ya ce, yana shafa mini ƙeya, ai rubutunsa dama ba shi da kyau, da an raba da an yi masa dariya. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Ashe tun ranar ya sani.

Da zan tafi ya ce in karanta masa wani abu mai tsawo, kada in yanke. Na karanta. Ya rufe ido yana bin numfashina da yatsa a kan bargo. Na ce zan dawo Talata mai zuwa.

Yau Litinin.

Kafin in fara rubutun nan na sauko da littafin fiƙihun. Katunan suna nan, goma cif, sun ɗan lanƙwashe. Kowane an rubuta: Salihu na Jos yana roƙon ɗan'uwa ya zo ya zauna kusa da shi, ba sai an zo da komai ba.

Ranar ta wuce, wurin ma ya canja. Amma saƙo amana ne kuma yana wuyana. To, ga shi na isar a makare, ga duk Bahaushen da ke garin nan.

Ana kan takardu yanzu. In Allah ya so za a yi masa salla yau bayan la'asar, a wani ƙaramin masallaci kusa da gidansa a Arba wa Nus. Ni da maigidan Hajja Batulu za mu yi masa wanka, kuma ni zan shiga gaba. Wanda zai zo ya taɓo ni ta inbos in kwatanta masa. 'Yan Abbasiya ku haɗu ku cika mikrobas ɗaya, hanyar ba ta da wuya. Yayyenmu na Zamalek masu motoci, yau ranar cika su ce.

Madam Samira ta kira ni ɗazu tana kuka. Ta ce za ta zo ta tsaya daga waje. Ta tambaye ni ko mutanensa za su zo wannan karon, na ce mata za su zo. Don Allah kada ku bari in yi ƙarya sau biyu a kan mutum ɗaya.

Mutanen garinmu, na san rubutun nan zai riga ni isa gida. Ku karanta da kyau. In kun ga wanda mawaƙi ya koya wa numfashi bai dace da gaban sahunku ba, ma'alish, ba zan ji haushin kowa ba. Amma na daina karɓar yabon da ba nawa ni kaɗai ba ne.

Na ɗora ƙarshen faifan, wanda ya tura mini a waya ranar Talatar, a ƙasan rubutun nan. Babu kiɗa a ciki, kada wani ya ji tsoron dannawa. Tafi ne, da muryar wani tsoho yana tambaya, da shiru. Ƙarar kujerar da za ku ji tawa ce.

Tun safe nake saurara ni kaɗai a ɗaki. Duk sanda ya yi tambayar sai in amsa da ƙarfi, har maƙwabcina ya leƙo ya ga ko lafiya. Amma faifai ba ya ɗaukar sabuwar magana. Yakan jira iya jiran da ya yi ranar, sannan ya ce khalas.

Allah ka jiƙan bawanka Salihu. Ka fi mu saninsa, ka san sallolin da ya yi shi kaɗai a ɗakin nan na hawa na huɗu. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka masa. Ya rayu baƙo, Allah kada ka tashe shi baƙo. Duk ayar da na karanta ban yanke ba, wadda ta wuce da wadda za ta zo, Allah ka sa masa rabonsa a ciki. Ni kuma ka yafe mini shirun nan.

Ku da kuka karanta har nan, ina roƙonku ku yi masa addu'a, ko da Allah ya jiƙansa ne kawai, ku ambaci sunansa, Salihu. Wanda yake nesa ya yi daga inda yake. Wanda yake Alƙahira ya zo da ƙafarsa. Sahun farko na mutanen Ammu Saleh ne, kuma yau ba na so in waiga in ga babu kowa.